Yadda nake bin hawan jinin dattijo, daga awon farko zuwa wata uku

Dattijo yakan shigo da takarda an rubuta masa 178/84 a wani wuri, wanda ya rako shi kuma yana so a rubuta magani mai ƙarfi a gama. Ni kuwa ba na ɗaukar alƙalami sai na tabbatar da abu uku: lambar ta gaskiya ce, me take komawa idan ya miƙe tsaye, kuma me yake sha tun kafin ya zo. Daga zaman farko zuwa ranar da zan ce jininsa ya zauna yakan ɗauki wata uku, wani lokaci ya wuce. Mai shekara arba'in ana iya hanzarta masa. Mai shekara tamanin, saurin sauke masa jini shi ne abin da zai iya kayar da shi a banɗaki ya karye a ƙugu.

Kafin komai dai ina duba ko wannan na jira ne ko na gaggawa. Idan lamba ta kai 180/120 ko ta haura, ga ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko ruɗewa, ko gani ya dushe farat ɗaya, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, to sashen gaggawa za a wuce a take. In alamun shanyewar ɓarin jiki ne, tambayata ta farko ita ce ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe. Allurar narkar da gudan jini tana da iyaka, yawanci awa huɗu da rabi, kuma ba a yin ta sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an ga ba jijiya ce ta fashe ba. Shi ya sa nake hana iyali ba shi aspirin a gida, ko ƙara masa ƙwayar hawan jini kafin a iso asibiti. Lamba mai tsayi da ba ta zo da ko ɗaya daga alamun nan ba, cikin kwanaki da makonni ake sauke ta. Fasa ƙwayar nifedipine mai saurin aiki a ƙarƙashin harshe an bar shi da daɗewa, domin takan faɗar da lambar lokaci guda, ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa jinin da suka saba samu.

Sai awo, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Ina sa shi ya zauna minti biyar shiru, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai tsayin zuciya. Ina tambaya ko yana jin fitsari, don cikakkiyar mafitsara kaɗai tana iya ƙara wajen goma a lambar sama, kuma tsofaffi ba sa faɗa sai an tambaya. Kofi, sigari ko tafiya mai sauri a cikin rabin awar da ta wuce duk suna ɗaga lamba. Hannun riga a zare shi gaba ɗaya, kada a naɗe shi ya shaƙe damtse. Maɗaurin awon kuma sai ya dace da hannun: jakar iskar da ke cikinsa ta zagaye kimanin kashi 80 cikin 100 na damtsen, bakinsa na ƙasa ya tsaya santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Ƙaramin maɗauri a hannu mai kauri yana ƙara lamba. Babba a siririn hannu yana rage ta, kuma wannan ne ke samun tsofaffin da suka rame, a ce musu lafiya lau alhali ba haka ba ne. Gaisuwa da hira a gama su tukuna. Da iska ta fara shiga, ba mai magana, har ni.

Kafin in danna na'ura ina riƙe wuyan hannunsa in ƙirga bugu minti ɗaya cikakke. Ba yawan bugun kaɗai nake nema ba, tsarinsa nake sauraro da yatsa. Idan yana zuwa barkatai, ba tazarar da ta yi daidai da 'yar'uwarta, to na'urar da ke awo da kanta ba abin dogaro ba ce a hannun nan, sai a koma awo da famfo da abin sauraro. Fiye da haka, irin wannan bugun yakan nuna rawar ɗakunan sama na zuciya, cutar da ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Gwajin ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, shi ne ke tabbatar da ita, kuma maganinta mai tsinka jini ne na musamman, aspirin bai wadatar ba. Sau da yawa wannan minti ɗayan ya fi duk sauran zaman amfani.

A awon hannu akwai tarkon da ya fi kama tsofaffi. Sautin bugun yakan fara a 190, ya ɓace a wajen 170, ya dawo a 140. Wanda ya hura iska zuwa 160 kawai zai fara jin sauti a 140 ya rubuta ta. Don haka ina fara hurawa da yatsa a kan jijiyar wuyan hannu har bugu ya ɗauke, in ƙara 20 zuwa 30 a kan wannan, sannan in saki iska a hankali, 2 zuwa 3 a daƙiƙa. A zaman farko hannu biyu nake aunawa. Idan bambancin ya wuce 15 kuma ya maimaita, ina rubutawa, domin yana iya nuna ƙuntatar jijiya, kuma daga ranar hannun da ya fi yawa shi ne hannun awo.

Lamba irin 178/84, sama ta yi tsayi ƙasa tana daidai, ita ce hawan jinin tsufa. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya tana miƙewa da kowane bugu ta dawo, kamar sabon tiyon ruwa. Da shekaru sai ta bushe ta sandare, bugun ya daki bango mai tauri, lambar sama ta hau, ta ƙasa kuma ta fara sauka daga wajen shekara hamsin zuwa sittin. Akwai lokacin da likitoci ke ɗaukar wannan a matsayin tsufa kawai su ƙyale. Binciken SHEP da aka fitar a Amurka a 1991, a kan mutane sama da 4,700 masu shekara 60 zuwa sama, ya nuna cewa yi wa irin wannan magani ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 36 cikin 100. Amma lambar ƙasa tana da nata gargaɗin. Zuciya tana samun nata jinin ne a tsakanin bugu da bugu, lokacin da lambar ƙasa ke aunawa. Idan magani ya tura ta ƙasa da 60, musamman ga mai ciwon jijiyoyin zuciya, ina ja da baya ko da ta sama ba ta kai inda nake so ba.

Daga nan sai awon da aka fi tsallakewa. Ya kwanta minti biyar in auna, sannan in ce, “Baba, a miƙe a hankali, ga hannuna.” In auna a minti ɗaya, in sake a minti uku, yana tsaye, ina tallafe da hannunsa a tsayin zuciya. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, jininsa yana faɗuwa da miƙewa. Jijiyoyin da ke gaya wa zuciya ta ƙara sauri idan mutum ya tashi suna yin sanyi da tsufa, ciwon suga da cutar Parkinson kuma suna ƙara lalata su. Wani zai ce yana jin jiri ko duhu a ido, wani ba ya jin komai sai dai a tsince shi a ƙasa. Irin wannan mutumin yana iya zama 165 a zaune, 125 a tsaye, kuma da lambar tsaye zan auna maganinsa. Ina kuma tambayar ko jirin yana zuwa bayan cin abinci, domin jini yakan karkata zuwa hanji cikin awa ɗaya zuwa biyu bayan an ƙoshi, lambar ta sauka. Tambayar “an faɗi a shekarar nan?” ba ta wuce ni, kuma wanda ya rako shi nake kallo lokacin da nake yin ta.

Idan ba gaggawa, ina tura shi gida da aikin mako guda. Na'urar damtse, ba ta wuyan hannu ba. Awo biyu da safe bayan fitsari kafin magani da karin kumallo, awo biyu da yamma, minti ɗaya tsakanin kowane biyu, kwana bakwai. Ina zubar da na ranar farko in ɗauki matsakaicin sauran. A asibiti iyakar ita ce 140/90 a ranaku biyu daban-daban, a gida kuwa 135/85. Akwai waɗanda ganin farar riga kaɗai ke ɗaga musu jini, a gida suna 128, kuma tsofaffi sun fi yawa a cikinsu. Ƙara wa irin waɗannan magani cutarwa ce. Akwai kuma akasinsu, lafiya a gabana, da asuba 160. Ina roƙon a rubuta duk lambar da ta fito, ba mai kyau kaɗai ba, kuma a zo da na'urar mu gwada ta da tamu.

Zama na biyu na jaka ne. Ina cewa a kwaso komai: na likita, na kantin magani, na shafawa, na ɗigawa a ido, na ganye, har wanda maƙwabci ya bayar. A juye a tebur. (Sunayen magunguna zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don a iya dubawa.) Abin da na fi tsinta shi ne maganin ciwon gaɓoɓi, ibuprofen ko diclofenac ko piroxicam, ana sha kullum saboda gwiwa da baya. Suna riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga lambar sama da kimanin biyar, wani ma fiye, kuma suna rage ƙarfin yawancin magungunan hawan jini. Idan suka haɗu da mai sa fitsari da kuma lisinopril ko losartan, ukun nan tare suna iya durƙusar da ƙoda cikin kwanaki. Paracetamol da maganin shafawa nake mayar da su kai. Sai prednisolone da dexamethasone, masu ɗaga jini da suga tare. Sai maganin mura mai pseudoephedrine. Sai ƙwayoyin da ake narkarwa a ruwa suna kumfa, waɗanda ke ɗauke da sodiyam mai yawa. A ɗaya ɓangaren akwai masu kayar da mutum: tamsulosin ko doxazosin na kumburin furostet da ke tare wa tsofaffin maza fitsari, amitriptyline, da ƙwayoyin barci. Kuma ba abin mamaki ba ne a ga magani ɗaya a kwali biyu da sunan kamfani daban-daban, ana shan duka biyun. Wani lokaci cire abu biyu daga jakar nan ya isa ya sauke lambar, ba tare da na ƙara komai ba.

Gwaje-gwajen farko ba su da yawa: kiriyatinin, wani dattin jini da ƙoda ke tacewa, da ƙiyasin tacewar ƙoda, wanda takarda ke rubutawa eGFR, sodiyam da fotasiyam, suga, kitsen jini, yawan jini, fitsari don neman furotin, ECG, da duba bayan ido. Kiriyatinin yana yaudara a jikin tsoho. Daga tsoka yake fitowa, don haka tsohuwar da ta rame tana iya nuna lamba mai kyau alhali rabin aikin ƙodarta ya tafi. eGFR ƙasa da 60 da ya daɗe wata uku, ko furotin na albumin a fitsari da ya kai miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin, ciwon ƙoda ne mai ɗorewa ko da mutum ba ya jin komai. Suga kafin cin abinci da ya kai 7.0, wato 126 a ɗaya ma'aunin, ko HbA1c, gwajin matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, da ya kai 6.5, ciwon suga ne idan an maimaita ya tabbata. Fotasiyam da ya yi ƙasa ba tare da maganin fitsari ba yana sa in yi zargin wani sinadari daga glandar da ke kan ƙoda, in nemi ƙarin gwaji.

Yanzu sai tambayar da ba ta da amsa ɗaya: zuwa nawa za a sauke? Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce ƙasa da 140/90, ga mai ciwon zuciya kuma lambar sama ƙasa da 130. Ta Ingila ta bar wa masu shekara 80 zuwa sama ƙasa da 150/90. Ta Amurka tun 2017 tana neman ƙasa da 130/80. Dukkansu suna da hujja. Binciken HYVET na 2008 ya ɗauki mutane 3,845 masu shekara 80 zuwa sama, ya nufi 150/80, aka ga mutuwa ta ragu da kashi 21, gazawar zuciya da kashi 64. SPRINT na 2015 ya gwada ƙasa da 120 da ƙasa da 140, masu matsawar suka fi tsira, har da 'yan sama da 75, amma suma da raunin ƙoda sun ƙaru a cikinsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda SPRINT bai ɗauka ba: masu ciwon suga, waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki, masu gigin tsufa, mazauna gidajen kula da tsofaffi, da duk wanda lambarsa ta tsaye ta gaza 110. Su ne kuwa yawancin waɗanda ke zaune a gabana. Saboda haka ba takardar haihuwa nake kallo ba. Ina sa shi ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita uku, ya juyo ya zauna. Wanda ya gama cikin ƙasa da daƙiƙa 12 kuma yake yi wa kansa komai, ina nufar 130 ko ƙasa kaɗan da shi in jikinsa ya ɗauka, ko shekarunsa nawa. Wanda sai an ɗaga shi, ya rame, ya faɗi sau biyu a bana, 140 zuwa 150 ta wadatar da ni.

Magani ina fara shi da ɗaya, da rabin abin da zan ba matashi, sai dai in lambar ta yi nisa sosai kuma mutumin yana da ƙarfi. Amlodipine miligiram 2.5 ko 5 shi ne na farko a yawancin lokuta. Yana daɗewa a jiki, sai ya yi mako kafin ya zauna, don haka ba a yanke masa hukunci a kwana uku. Matsalarsa kumburin idon sawu, musamman a miligiram 10. Wannan kumburin ba ruwa ne ya yi yawa a jiki ba, ƙananan jijiyoyi ne suka buɗe ruwa ya tsattsafo. Kuskuren da nake gani a kai a kai shi ne a ƙara furosemide, maganin sa fitsari, a kansa: kumburi bai tafi ba, tsoho ya bushe, fitsari ya hana shi barci, ya tashi cikin duhu ya faɗi. Gyaran shi ne a rage amlodipine a haɗa shi da losartan ko ɗan'uwansa. Mai shan simvastatin na rage kitsen jini tare da amlodipine kuma kada simvastatin ɗin ya wuce miligiram 20.

Masu sa fitsari na thiazide, indapamide miligiram 1.5 mai sakin kansa a hankali, ko chlorthalidone 12.5, ko hydrochlorothiazide 12.5 zuwa 25, suna aiki sosai a tsofaffi. Da safe ake shan su. Haɗarinsu saukar sodiyam ne, kuma siririyar tsohuwa ta fi kowa shiga ciki. Alamunsa tashin zuciya, kasala, ruɗewa, tangaɗi, abubuwan da iyali za su ce tsufa ne ko shanyewar jiki. Ina duba sodiyam da fotasiyam bayan mako biyu zuwa huɗu, in sodiyam ya sauka ƙasa da 130 in tsayar. Wanda yake fama da ciwon gaɓar nan mai kama babban yatsan ƙafa da dare, ba na ba shi su.

Lisinopril da losartan da danginsu su ne na farko idan akwai furotin a fitsari, ko gazawar zuciya, ko ciwon suga da ya taɓa ƙoda. Su kaɗai ba su cika sauke jinin baƙar fata kamar amlodipine ko thiazide ba, amma a haɗe suna aiki. Lisinopril yana sa busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro da ba maganin tarin da ke taɓa shi. Yana kuma iya kumbura leɓe da harshe, abin da ya fi faruwa ga baƙar fata, kuma wannan na gaggawa ne, ba a sake shan sa har abada. Dalilin da ya sa nake karkata ga losartan ke nan, 25 zuwa 50. Ba a haɗa su biyun. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da farawa, ko da ƙarawa, gwajin ƙoda wajibi ne. Kiriyatinin ya tashi har kashi 30 cikin 100 ya tsaya, ina ci gaba, don haka maganin yake aiki. In ya wuce haka ina tsayarwa in nemi dalili: bushewar jiki, maganin ciwon gaɓoɓi, ko ƙuntatar jijiyoyin ƙoda. Fotasiyam sama da 5.5 ina rage magani, ya kai 6.0 ina tsayarwa a ranar. Atenolol da danginsa masu rage saurin bugun zuciya ba na farko ba ne ga hawan jini tsura a tsoho, sai akwai dalilin zuciya, kuma ba a yanke su rana ɗaya.

Daga nan duk wata ɗaya muke haɗuwa har a kai inda aka nufa. Kowane zama awon zaune da na tsaye, kuma canji ɗaya kawai, don in abu ya ɓaci in san wanda ya ɓata. Na fi son ƙananan magunguna biyu a kan ɗaya da aka kai maƙura, kuma in akwai su a ƙwaya ɗaya ya fi.

Ciwon suga a tsoho yana juyar da tsoro. Saukar suga ta fi hawansa saurin kisa. Glibenclamide ina cire shi duk inda na gan shi, domin yana daɗewa a jikin mai raunin ƙoda, suga ya faɗi da dare ya sake faɗuwa bayan an ɗaga shi. Metformin ana rage shi idan eGFR ya sauka ƙasa da 45, a tsayar ƙasa da 30. HbA1c 7 zuwa 7.5 ya yi wa mai ƙarfi, ƙasa da 8 ya ishi mai cututtuka da yawa. Tsoho ba lallai ya yi rawar jiki ba idan suga ya faɗi, sai dai ya rikice ko ya yi ta barci, kuma atenolol yana ɓoye bugun ƙirji da rawar, ya bar gumi kawai. Ƙasa da 3.9, wato 70, a ba shi giram 15 na sukari, kimanin cokalin shayi huɗu a ruwa, a sake awo bayan minti 15. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki. Ƙafafu ina cire takalmi in duba da kaina, har tsakanin yatsu, ido kuma sau ɗaya a shekara.

Ga zuciya tambayoyi biyu ne: matashin kai nawa yake kwana a kai yanzu, kuma numfashi yana tashinsa da dare? Mai gazawar zuciya ya hau sikeli kowace safiya, ƙarin kilo biyu cikin kwana uku ruwa ne, a kira mu. Aspirin kuma ba na kowane tsoho ba ne. Wanda ya taɓa bugun zuciya ko toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa yana buƙatarsa. Wanda bai taɓa ba, binciken ASPREE na 2018 ya nuna zubar jini ya ƙaru ba tare da kariyar da ake zato ba.

Akwai ka'ida ɗaya da nake rubuta wa iyali a takarda, domin ba ta zama a kai. Ranar amai ko gudawa ko zazzaɓin da ya hana ci da sha, a dakatar da mai sa fitsari, da lisinopril ko losartan, da metformin, da magungunan suga irin su empagliflozin, a nemi likita. A koma kansu bayan ya yi kwana ɗaya zuwa biyu yana ci yana sha yadda ya saba. Insulin ba ya cikin waɗanda ake yankewa kai tsaye, shi sai da shawara. Yawancin raunin ƙodar da nake gani a tsofaffi daga nan yake: jiki ya bushe, mai kula kuma saboda riƙon amana ya ci gaba da ba da ƙwayoyi a kan lokaci.

Gishiri, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙasa da giram 5 ce a yini, kusan cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke ɓoye a biredi, abincin gwangwani, naman da aka sarrafa da dunƙulen ɗanɗano. Jinin tsoho ya fi na matashi jin gishiri, don haka ragewar tana biya. Sai dai wanda dama da ƙyar yake cin loma uku, ba zan mayar masa da abinci lami ya daina ci gaba ɗaya ba. Gishirin da ake sayarwa a matsayin madadi fotasiyam ne a cikinsa, bai dace da mai ciwon ƙoda ko mai shan spironolactone, maganin sa fitsari mai riƙe fotasiyam, ba. Tafiya kullum da motsa ƙafafu suna rage lamba kuma suna rage faɗuwa. Tashi daga gado hawa biyu ne: a zauna a bakinsa minti ɗaya, sannan a miƙe.

Idan wata uku ta cika, magani uku har da mai sa fitsari, lamba ba ta sauka ba, ba na gaggawar ƙara na huɗu. Ina ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali. Tambayar “ana sha?” amsarta kullum e ce, don haka nakan ce, “Mama, a makon nan sau nawa aka manta?” Wasu suna sha ne ranar da kai ya yi ciwo kawai, alhali hawan jini yawanci ba ya ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Wasu sun bari ne saboda fitsari ko kumburi ko rashin ƙarfin mazakuta, ba za su faɗa a gaban ɗa ba, don haka nakan nemi ɗan ya ba mu wuri. Akwatin ƙwaya mai gida bakwai da mutum ɗaya tak da ke cika shi suna gyara da yawa. Safe ko dare ba shi ne matsala ba, binciken TIME na Birtaniya a 2022 a kan mutane sama da 21,000 bai ga bambanci ba, sai dai mai sa fitsari ya tsaya a safe. In shan magani ya tabbata, gishiri da jaka sun fita daga zargi, sai in tambayi mai kwana kusa da shi ko yana minshari numfashi na ɗaukewa. Bayan wannan ne spironolactone 12.5 zuwa 25 ke shigowa, in fotasiyam bai wuce 4.5 ba kuma ƙoda tana da sauran ƙarfi, da gwajin jini cikin mako ɗaya da kuma bayan wata.

Wanda ya daidaita, duk wata uku zuwa shida muke ganinsa, gwajin ƙoda da gishirin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. A waɗannan zaman sau da yawa ragewa nake yi. Maganin da ya dace da shi a shekara 70 yana iya yi masa yawa a 84, bayan ya rame, ko ya fito daga jinya, ko lokacin tsananin zafi. Lambar sama ƙasa da 120 a zaune tare da jiri ko faɗuwa a jikin mai rauni, ina cire ɗaya, in fara da wanda ya fi kayarwa irin doxazosin, in sake awo bayan mako biyu zuwa huɗu. Atenolol da clonidine, shi ma maganin hawan jini ne, a hankali ake janye su, don yanke su kwatsam yana harba bugun zuciya da jini sama. A katin da yake tafiya da shi ina rubuta hannun awo, lambar zaune da ta tsaye, lambar da muka nufa, eGFR da fotasiyam na ƙarshe da ranarsu, magungunan da ake dakatarwa ranar rashin lafiya, da duk maganin da aka cire tare da dalilin cire shi, don kada wani likita ya mayar da shi.